Moɗa Ɗaya a Barikin Soja

Abu biyu Baba ya hana ni tun ina ƙarami: shiga gidan kallo, da taka ƙofar majami'ar Katolika. Na farkon ina ɗan shekara goma sha ɗaya na saɓa masa. Na biyun kuwa na riƙe shi har na haura talatin, kuma ranar da na taka ƙofar, shi da kansa ya aike ni.

Mu Hausawan Damagaram ne, kuma Kirista tun daga kakana. Shi ya ji bishara ta hannun 'yan mishan na SIM, waɗanda suka fara aikinsu na ƙasar Nijar a garin nan a 1924, shekara biyu kafin Faransawa su ɗauke babban birni daga nan su mayar da shi Yamai. Dangin Inna duk Musulmi ne. Da layya su aiko mana da cinya, da Kirsimeti mu kai musu shinkafa da kaji. A lakwal na sha jin tambayar nan, wai yaya za a yi Bahaushe ya zama Kirista, har na daina jin zafinta. A Nijar ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba, amma duk ƙanƙantarmu a rarrabe muke. Ina ɗan shekara shida ko bakwai ikilisiyar da ta fito daga aikin mishan ta dare gida uku, mutanen da suka raɗa wa 'ya'yan juna suna suka koma gaisuwar nesa. Daga baya masu sujada da lasifika da ɗaga hannu suka shigo daga Najeriya, muka ce sun cika hayaniya, su kuma suka ce mun yi sanyi. 'Yan Katolika kuwa, da yawansu asalin Benin da Togo da Burkina, da Faransanci suke Misa, wato babbar sujadarsu, Baba ba ya kiransu da komai sai masu gumaka. Ba mugun mutum ba ne. Manomi ne mai gonar gero da wake a hanyar Miriya, dattijon ikilisiya mai tsoron Allah, abin da ya taras ke nan ya riƙe.

Gidan kallon unguwarmu zana ce aka kewaye, da benci huɗu da talabijin a kan tebur, dala biyar kuɗin shiga. Yawanci fim ɗin Indiya ne ko na 'yan karate. Ranar da na saci jiki na shiga, mai gidan ya yi kuskuren haya, kasat ɗin da ya kawo Star Wars ne, na 1977, da muryar Faransanci. Rabin masu kallo suka tashi suna neman kuɗinsu. Ni ko motsi ban yi ba. Ga hamada shimfiɗe kamar ta hanyar Tanut, ga wani saurayi a gidan kawunsa, sana'arsu tatsar ruwa daga iska, ga rana biyu suna faɗuwa tare. Yaron da ya tashi a Damagaram, garin da ke zaune kan dutse, wanda ya san tashin asuba da bido biyu a bi layin famfo ko a jira mai garuwa, ba sai an fassara masa noman ruwa ba. Na ji kamar labarin gidanmu aka ɗauka aka kai bayan taurari. Shekaru bayan haka na samu labarin a Tunisiya aka ɗauki wuraren nan, wato ɗaya bakin Saharar nan tamu.

Baba ya zane ni a daren, amma abin ya riga ya shiga. Na koma ɗakin karatu na cibiyar al'adun Faransa da Nijar, ina aron duk littafin da na ga hoton wata ko tauraro a bangonsa. Taurarin da Inna ke nuna mana daga kan tabarma, Zara matar wata da Kaza da 'ya'yanta, na gano Zara duniya ce sukutum mai kewaya rana kamar tamu, Kaza kuma tarin ranaku ne masu nisa. Son nan ne ya kai ni koyon aikin lantarki, yau da haɗa wutar sola nake ci da iyalina.

Harbe-harben finafinan almarar kimiyya bai taɓa damuna ba, waɗanda kuma suka cika batsa ko suke ɗaukar ɗan'adam su ɗora a kujerar Mahalicci, kashe su nake yi tun ba su yi nisa ba. Abin da ke riƙe ni shi ne jirgin kansa. Mutum biyar ko shida a cikin gwangwani, wannan baƙi, wannan fari, wannan mai saurin fushi, wannan ba ya magana, iskarsu a ƙidaye, ruwansu a ƙidaye, rami ɗaya kamar na allura ya ishe su duka. Kuma abin bai tsaya a fim ba. Tun Nuwamba 2000 ba a taɓa rasa mutane a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ba, 'yan Amurka da 'yan Rasha da wasunsu, a tsayin kilomita kusan 400, abin da bai kai tafiyar Damagaram zuwa Agadas ba. Kowane minti 90 suna kewaye duniya. Gumin jikinsu da fitsarinsu ake tacewa su sake sha, na wannan ya zama ruwan shayin wancan. Sau da yawa in na gama kallo sai in fita tsakar gida in buɗe Zabura ta 8, inda Dawuda ya dubi wata da taurari ya tambayi Allah mene ne mutum har da yake tunawa da shi. Ban taɓa jin kallon ya raba ni da addu'a ba. Sai dai ban taɓa haɗa jirgin nan da zamanmu na Kirista a garin nan ba, ko sau ɗaya, sai a Janairun 2015.

Ranar Juma'a 16 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, gari ya rikice saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Mu ma zanen bai yi mana daɗi ba, ba tarbiyyarmu ba ce a wulaƙanta abin da maƙwabci yake girmamawa. Amma wuta ba ta tambaya. Kafin la'asar hayaƙi ya tashi daga majami'u, namu da na Katolika da na masu lasifika, daga makarantar mishan, daga shaguna da gidajen Kirista, har da cibiyar da na koyi sunayen taurari a cikinta. An rasa rayuka. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai sayar da goro, shi ya ƙwanƙwasa ƙofar baya ya ce wa Baba, "Malam, kwaso iyali ku shigo, maza." Matarsa ta yafa wa matata hijabin 'yarta, aka tura mu ƙuryar ɗaka, shi kuma ya shimfiɗa buzu a bakin zaure ya zauna da carbinsa har magariba. Duk wanda ya zo zai karanta shaidar nan, ina so ya riƙe wannan dattijo a ransa kafin ya yanke wa garinmu hukunci.

Da dare aka kwashe mu zuwa barikin soja. Mutane ɗaruruwa, wasu ko takalmi babu, ga sanyin hunturu yana ratsa ƙashi. Abin da na gani da gari ya waye har yau yana sa ni sunkuyar da kai. Ba wanda ya ba da umarni, amma kowace ɗariƙa ta samu gindin bishiyarta. Mu nan, waɗanda suka rabu da mu can, 'yan Katolika a jikin katanga, 'yan Najeriya kusa da ƙofa. Tufafinmu duka warin hayaƙi ɗaya suke yi, amma mun ja layi a ƙasa kamar masu rabon gado.

Baba yana da ciwon suga. Ya sha maganinsa kafin a kwashe mu, abinci kuwa tun kunun safiyar Juma'a bai sa komai a ciki ba. Da hantsin Asabar na ga gumi yana keto masa cikin wannan sanyi, hannunsa na rawa, maganarsa ta fara sarƙewa. Na ruɗe. Sai ga wata tsohuwa ta taso daga jikin katanga, 'yar asalin Togo, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta shekara arba'in a garin nan, Hausarta tsaf. Ta taɓa goshinsa, ta tambaye ni abu biyu, ta kwance bakin zanenta ta fito da sukari 'yan ƙwaya uku. Ta je tankin da aka ajiye mana ta ɗebo ruwa a wata moɗar silba mai lanƙwasasshen hannu, ta dama da yatsa, ta durƙusa gabansa. Carbinta na Katolika yana naɗe a wuyan hannunta, ƙaramin gicciyen mai siffar Yesu a jiki yana lilo daidai bakin moɗar. Na ga idon Baba ya tsaya a kansa. Ta ce, "Baba, sha, don Allah." Ya ɗan jima, sannan ya kama hannunta da moɗar gaba ɗaya ya shanye. Kafin rabin sa'a ya dawo hayyacinsa. Ya ce mata, "Baiwar Allah, na gode." Ta ce, "Ai ɗan'uwa ba ya gode wa ɗan'uwa a kan ruwa."

Moɗar nan ita kaɗai ce a wajenmu. Kafin yamma ta zaga kowace bishiya.

A ranar ne rediyo ya kawo labarin Yamai ma ta kama, inda daga baya hukuma ta ce majami'u 45 aka ƙone. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya yi jawabi ya ce masu wannan aiki ba su fahimci komai a Musulunci ba. Da dare yara suka ƙi barci, ƙaramar ƙara sai su zabura su fashe da kuka. Wayata ta mutu, ba abin da zan nuna musu, sai na tara nawa biyu na fara ba su labarin fim ɗin da na kalla makonni kaɗan kafin nan, Interstellar. Na ce musu akwai wata duniya da ƙura ta cinye, amfanin gona yana mutuwa iri bayan iri, wani uba manomi ya bar 'yarsa ya shiga jirgi neman wa mutane sabon mazauni. Yaran Damagaram sun san ƙura, manyansu sun ji labarin yunwar 2005, ba su sha wahalar ganewa ba. Na kai inda suka sauka wata duniyar ruwa, inda sa'a ɗaya take daidai da shekara bakwai a gida, na ɗaga kai sai na ga yara sun fi talatin a gabana, daga kowace bishiya, sun cusa ƙafafu cikin bargo ɗaya. Wata 'yar Ibo tana fassara wa ƙaninta. Can sama wani tauraron ɗan'adam ya ratsa a hankali, na nuna musu, suka bi shi da yatsa har ya ɓace.

Ashe Baba yana kwance bayana, idonsa biyu. Da yaran suka watse ya kira sunana ya ce, "Wannan jirgi naka, in ɗaya ya yi fushi da 'yan'uwansa, ina yake zuwa?" Na ce, "Babu inda za shi, Baba. Waje ba iska." Bai ƙara cewa komai ba, na ji dai ya daɗe yana juyi a kan tabarma.

Da safiyar Lahadi 18 ga wata manya suka taru a kan yadda za a yi sujada. Wasu suka ce kowa ya yi tasa a gindin bishiyarsa, a bi da bi don kada murya ta hau murya. Sai wani tsohon katekis na Katolika, wato mai koyar da addini a cikinsu, ya ce, da izininku, yau ne ake fara makon addu'a don haɗin kan Kirista, daga 18 zuwa 25 ga Janairu, kuma karatun bana, wanda ikilisiyoyin Barazil suka shirya, Yahaya sura 4 ne, inda Yesu ya ce wa Basamariya ta ba shi ruwa ya sha. Tun 1908 ake wannan mako a duniya, ni da na girma a cikin majami'a ban taɓa jin sunansa ba sai ran nan. Wuri ya yi tsit. Baba ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce, "Malam katekis, kai ka karanta da Faransanci, ni in bi ka da Hausa."

Haka aka yi, aya bayan aya, da Littafi Mai Tsarki guda biyu da suka tsira, ɗaya gefensa ya babbake. Na sha jin surar nan, amma ran nan ne na ji nauyin aya ta 9, inda aka ce Yahudawa ba sa cuɗanya da Samariyawa, har matar tana mamakin a ce Bayahude zai sha daga abin ɗibanta. Muryar Baba ta karye a wurin. Ya tsaya, ya share fuska da hannun riga, ya ci gaba har inda Yesu ya ce lokaci na zuwa da ba a kan dutsen nan ba, ba kuma a Urushalima ba, za a yi wa Uba sujada. Mu da ba mu da sauran gini ko ɗaya a garin duwatsu, ba mu bukaci wa'azi a kan wannan ba, kuma ba wanda ya yi.

Waƙa ta zo a hargitse, ta kuma yi daɗi. 'Yan Katolika suka ja tasu a hankali da Faransanci, muka yi ta lalube muna bin amshi. Matan zumuntarmu ba tulun kiɗa ba kacau-kacau, suka kifa bido suka buga, sai ga tsohuwar nan mai moɗa tana taka rawa a tsakiyarsu. 'Yan Najeriya suka ɗaga hannu sama, ba wanda ya harare su. Da aka zo Addu'ar Ubangiji kowa ya yi da harshensa, Hausa da Faransanci da Ibo da Yarbanci da wasu da ban sani ba. A wajen ƙarshe 'yan Katolika suka dakata bayan roƙon a cece mu daga mugun, kamar yadda suka saba a Misa, mu kuwa muka zarce da "gama mulki", sai suka ji mu suka biyo, muka iso Amin tare. Wani soja da ke gadinmu, Musulmi, ya matsa nesa kaɗan ya rage ƙarar rediyonsa har muka gama.

Daga baya na karanta cewa a jajibirin Kirsimeti na 1968, mutum uku na kumbon Apollo 8 suna kewaya wata suka karanta wa duniya ayoyi goma na farkon littafin Farawa, su ma bi da bi. Bill Anders da ya fara ɗan Katolika ne, Frank Borman da ya rufe ɗan Angilikan ne. Da na gaya wa Baba sai ya ce su sai da suka je wata, mu kuwa sai da aka ƙone mu.

Abu ɗaya ba mu yi ba a barikin, Jibin Ubangiji. Ba wanda ya kawo maganar, kowa ya san inda iyakar take. Dokar Katolika ba ta buɗe teburinsu ga wanda ba nasu ba, mu ma fahimtarmu game da gurasar da ƙoƙon daban take da tasu. Ba na cikin masu cewa bambancin nan ba komai ba ne. Har gobe ba na roƙo ta wurin Maryamu, tsohuwar nan kuma ba ta ajiye carbinta ba, kuma ban ga amfanin haɗin kan da za a gina a kan kowa ya ɓoye abin da ya gaskata ba. Amma yana yi mini ciwo ƙwarai, a ce mun sha ruwa a moɗa ɗaya ranar tsoro, ƙoƙon Ubangijinmu kuwa mun kasa. Ina kai wannan ciwo gaban Allah kowane wata in an miƙo mini ƙoƙon a majami'armu.

Da ƙura ta lafa, iyalai da yawa suka bar garin, wasu Yamai, wasu Kwatano da Lome, ba su dawo ba. Waɗanda suka rage kowa ya shiga neman kwano da siminti ya tayar da nasa bango. A hankali tsohon zama ya fara dawowa, har na ji wani yana cewa abin da aka yi a bariki lalura ce, ta wuce. Baba bai yarda ba. Wata safiya ya ce in ɗauki tsani da kayan aikina in je wajen 'yan Katolika, ya ji suna neman mai gyara musu wayoyin wuta. "Kuɗin kaya kawai za ka karɓa," in ji shi. Na shiga da tsani a kafaɗa, bangon har lokacin da baƙin hayaƙi, wata mata tana durƙushe ita kaɗai tana addu'a. Na jira ta gama kafin na kafa tsanin.

Zumunta a ƙafa take. Tun 2016, duk makon nan na Janairu, gidaje kamar bakwai daga ɗariƙu huɗu muna haɗuwa a tsakar gidanmu da yamma. Ba taro ne mai suna ba, ba mu da shugaba. A karanta sura ɗaya da harshe biyu, a yi waƙar kowa, a yi addu'a domin garin da masu mulkinsa da maƙwabtanmu. Wata shekara mu cika gidan, wata shekara mu kasa cika tabarma uku. Ranar ƙarshe in an gama, sai in rataya farin zanen gado a igiyar shanya, in jona na'urar haska fim da batirin sola, jikokin mai goro su ma su tsallako da kujerunsu.

Baba ya rasu a 2019, tsohuwar nan tana cikin waɗanda suka kwana da Inna a zaman makoki. Fim ɗaya tak ya taɓa kalla a rayuwarsa, a daren rufe haɗuwarmu ta farko. Na zaɓi The Martian saboda shi, labarin mutumin da aka baro shi kaɗai a duniyar Mars bisa zaton ya mutu, ya shiga noman dankali a cikin ɗaki don ya rayu. Baba ya zauna a kujerarsa can baya, da hula da bargo, kamar wanda ya zo gadin yara kawai. Ina fassara masa a kunne. Da mutumin ya haɗa ƙasa da taki ya ce, "Ya san aiki." Da hukumar Sin ta ba Amurka rokarta don a ceto shi, ya tambaye ni ko da ma abokai ne, na ce a'a, ya gyaɗa kai. Da abokan tafiyarsa biyar suka yarda su juya jirgi su ƙara fiye da shekara a hanya saboda mutum ɗaya, na ji yana ƙirga su da yatsa a kan gwiwarsa.

Aka gama, yara suka fara naɗe tabarmi, tsohuwar tana neman takalminta. Baba bai tashi ba. Ya taɓa hannuna ya ce, "Mayar da shi baya kaɗan, wurin da ganyen farko ya fito. Ban gan shi da kyau ba."